Me Ya Sa 'Yan Sahun Baya Ke Fitowa Da Duhu A Hoto? Kimiyyar Hasken Situdiyo

Akwai wani hoto a falon gidanmu da kullum na kalle shi sai raina ya sosu. An ɗauke shi ne ranar bikin yayata, a wani gidan hoto da ba sai na ambaci sunansa ba. Mu goma sha huɗu ne a ciki, an jera mu sahu uku. Amarya da iyaye mata suna zaune a gaba, fuskokinsu sun yi fari fat kamar an watsa musu gari, ko aikin jikin leshinsu ba ya ganuwa. Mu na tsakiya mun fito ba laifi. Kawuna kuwa, da yake dogo ne, sai ya koma can baya, kuma abin da ya fito nasa bai wuce hula da fararen idanu ba. Ba a rufa shekara ba ya rasu, wannan hoton ne na ƙarshe da muka yi da shi.

A lokacin mai hoton cewa ya yi ai kawu ne ya cika baƙi. Wani ya ce kyamarar ce ta tsufa. Sai da na zauna ajin kimiyyar haske a jami'a na gano inda gizo ke saƙa: fitilar ce aka ajiye dab da sahun gaba. Da an ja ta baya da taku huɗu ko biyar, da yau muna da fuskar kawu.

To mai karatu, abin da nake so mu duba yau ke nan. Duk tarkacen da kake gani a situdiyo, lemomi da akwatuna da sanduna, abu uku kacal suke sarrafawa: girman hasken, nisansa, da kusurwar da yake fitowa. In ka riƙe waɗannan ukun, za ka iya kallon kowane hoto ka faɗi inda aka ajiye fitila, kuma ko da waya kake ɗauka za ka ga canji.

Kyamara haske take gani

Tun wajen shekara dubu da ta wuce, Ibn al-Haisam, malamin nan ɗan Basra da ya rayu a Alƙahira, ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya daki abu, ya dawo ya shiga ido, kuma haske a miƙe yake tafiya. Haka kyamara take. Abin da take rubutawa shi ne hasken da ya dawo daga goshinka da kuncinka da rigarka, ba ruwanta da ko kai wane ne.

Sai dai akwai wani bambanci tsakaninta da idonka. Idan ka kalli taron mutane, idonka yana yawo ne daga fuska zuwa fuska, shi da ƙwaƙwalwa suna ta gyara abin da kake gani ba tare da ka sani ba. Kyamara ba ta da wannan gatan. Saiti ɗaya take yi wa kowa a ƙiftawa ɗaya. Shi ya sa ɗakin da ka ga haskensa daidai yake, sai hoto ya fito gefe ya ƙone, gefe ya dushe.

Masu hoto suna auna haske da mataki. Ƙarin mataki ɗaya na nufin hasken ya ninka biyu, ragin mataki ɗaya na nufin ya koma rabi. Ka riƙe wannan, za mu yi ta komawa kansa.

Girma: inuwa mai kaifi da mai laushi

Fita tsakar gida da azahar a watan Maris ka dubi inuwarka. Bakinta kamar an yanka da reza. Ka sake fita ranar da hazo ya rufe gari lokacin hunturu, za ka ga da ƙyar ma inuwar take fitowa. Ranar ce dai ɗaya, me ya canza?

Faɗin rana ya kai kusan kilomita miliyan 1.4, amma tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, don haka a sama ba ta fi rabin digiri ba, kan ɗan yatsanka ma ya isa ya rufe ta. Haskenta daga ɗigo ɗaya yake zuwa, ko dai ya same ka ko wani abu ya tare shi, babu tsaka-tsaki. Idan hazo ya zo kuwa, ƙurar sai ta warwatsa hasken, sararin samaniya gaba ɗaya ya zama fitila. Wurin da hasken gabas bai kai ba, na yamma ya kai. Inuwa sai ta narke.

Ana iya lissafa wannan. Faɗin bakin inuwa, wato inda take tashi daga haske ta shiga duhu a hankali, yana daidai da faɗin fitila sau tazarar da ke tsakanin abin da ya tare hasken da inda inuwar ta faɗa, a raba da nisan fitilar. Mu ɗauki hanci, mu ce tsininsa ya ɗaga daga kunci da santimita 3. In ka haska shi da tsirarar filashi mai faɗin santimita 5 daga nisan mita ɗaya, bakin inuwar milimita ɗaya da rabi ne kawai. Kaifi ke nan, kowane ƙurji da kowace tamoji sai sun fito. In ka sa fitila mai faɗin mita ɗaya a wannan nisan, bakin inuwar ya zama santimita 3, ya ninka sau ashirin. Fuska sai ta yi sumul.

Amfanin lemar nan fara da kake gani a situdiyo ke nan, da akwatin nan mai fuskar farin yadi da masu hoto ke kira sofbos. Ba ƙara haske suke yi ba, rage shi ma suke yi. Ƙaramar fitila suke mayarwa babba. Haka in mai hoto ya juya kan filashi ya haska farin silin ko farin bango: bangon ne ya zama fitilar.

Amma lura da abu ɗaya, girman da ake nufi shi ne yadda fitilar take a idon wanda ake ɗauka. Sofbos ɗin nan mai mita ɗaya, in ka kai shi nisan mita huɗu, bakin inuwar ya dawo ƙasa da santimita ɗaya. Mutane da yawa suna zaton in an ja fitila baya haske zai yi laushi. Akasin haka ne: zai yi rauni, kuma zai ƙara kaifi.

Nisa: lissafin da ya cinye fuskar kawu

Ka ɗauka kana da tocila, ka haska bango daga nisan mita ɗaya, hasken ya rufe wuri mai girman tabarma ɗaya. Ka ja baya zuwa mita biyu. Hasken ya buɗe ninki biyu a tsaye, ninki biyu a kwance, yanzu tabarma huɗu ya rufe. Tocilar ba ta ƙara ko ɗigon haske ba, don haka kowace tabarma kwata ta samu. A mita uku tabarma tara ce, kowace ta samu kashi ɗaya cikin tara. A mita huɗu, ɗaya cikin goma sha shida. Ka ninka nisan da kansa, abin da ya ba ka da shi za ka raba hasken. Masanin taurarin nan Bajamushe, Johannes Kepler, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1604. Ta fi cika daidai ga ƙaramar fitila, in kana dab da babban sofbos hasken ba ya raguwa da wannan saurin, amma da ka ɗan matsa sai ta fara aiki.

Yanzu mu koma hoton gidanmu. Mu ce fitila tana mita ɗaya daga amarya, kawu kuma yana bayanta da mita ɗaya, wato mita biyu daga fitila. Kwatan hasken amarya ya samu, mataki biyu ƙasa. Mai hoto ya shiga tsaka mai wuya: in ya saita don amarya, kawu ya ɓace, in ya saita don kawu, amarya ta ƙone. Ga alama tsakiya ya zaɓa, sai ya rasa su duka biyun.

Da ya kai fitilar mita huɗu daga amarya, kawu yana mita biyar ke nan. Huɗu sau huɗu 16, biyar sau biyar 25, ka raba 16 da 25: kawu ya samu kashi 64 cikin ɗari na hasken amarya. A mita shida da bakwai, ya haura kashi 73. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta canza ba, mita ɗaya ce dai, amma idan aka gwada ta da nisan fitila ta zama ƙarama. Shi ya sa rana ba ta nuna bambanci tsakanin sahun gaba da na baya: mita ɗaya cikin kilomita miliyan 150 ai ba komai ba ce.

Sai dai kowane gyara da kuɗinsa. Daga mita ɗaya zuwa huɗu, hasken da ke isa ga amarya ya koma kashi ɗaya cikin goma sha shida, dole a ƙara ƙarfin fitila mataki huɗu ko a buɗe kyamara ta ƙara shan haske. Kuma kamar yadda muka gani, fitilar ta ƙanƙance, inuwa ta yi kaifi. Don haka hoton taro yake son manyan lemomi da fitilu masu ƙarfi, ko farin bango babba da za a haska.

A hoton mutum ɗaya kuwa, wannan dokar abokiya ce. In ka matso da fitila kusa da shi, ka nisanta shi daga labulen baya, labulen sai ya yi duhu da kansa. Fuska a mita ɗaya, bango a mita uku: bangon kashi ɗaya cikin tara ya samu. Da haka ake mayar da farin bango toka-toka ba tare da an taɓa fenti ba.

Ga wani ɗan sirri mai daɗi. Lambobin da ke jikin kyamara na ƙofar shigar haske, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, kowace tana ba da rabin hasken wadda ta gabace ta. In ka ɗauke su a matsayin mita, haka nisan fitila yake: daga mita 2 zuwa 2.8 ka rasa mataki ɗaya, daga 2.8 zuwa 4 ka sake rasa ɗaya. Lissafin ɗaya ne.

Kusurwa: inda inuwa za ta faɗa

Hoto shimfiɗaɗɗe ne, fuska kuwa tana da tudu da kwari. Inuwa ce kaɗai ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa hanci ya taso, kunci ya zagaya. In fitila tana daidai da idon kyamara, kamar filashin waya, duk inuwar tana ɓuya a bayan mutum, fuska ta fito kamar faranti. Irin hoton katin shaida ke nan. Wannan jerin ne ma ke jawo jan ido: hasken ya shiga ta baƙin ido, ya daki bayan ƙwayar ido mai cike da jijiyoyin jini, ya dawo ta hanyar da ya bi.

Matsar da fitilar gefe kamar digiri 30, ka ɗaga ta sama da kai kaɗan, sai ƙaramar inuwa ta fito a gefen hanci. Wannan ya dace da kusan kowace fuska, shi ya sa aka fi amfani da shi. Ƙara matsawa zuwa wajen digiri 45 ko fiye, inuwar hanci za ta haɗu da ta kunci, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu. Ana kiran wannan hasken Rembrandt, da sunan mai zanen nan ɗan ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, don haka yake yawan zana fuskoki. Yana ba da kwarjini, ya dace da hoton dattijo. In ka kai fitilar digiri 90, fuska ta rabu biyu, rabi haske rabi duhu. In kuma ka dawo da ita gaba, ka ɗaga ta sama da kyamara, inuwa za ta faɗa ƙarƙashin hanci da siffar malam-buɗe-littafi. Wannan shi ne salon da situdiyoyin fim na Hollywood suka shahara da shi wajen ɗaukar taurari mata a shekarun 1930, kuma har yau da shi ake tallar kayan kwalliya.

Me ya sa kullum daga sama? Saboda da haka idonmu ya saba, rana daga sama take. Haska tocila ƙarƙashin haɓarka a duhu ka ga yadda yara za su watse. Amma a nan akwai abin lura ga masu hoton mutanenmu. Goggoro da rawani da mayafin da aka jawo gaba duk rumfa ne a kan fuska. In fitila ta yi sama da yawa, idanu sai su faɗa rami. Ma'aunin shi ne ka dubi idon mutum: in kana ganin ɗan ƙyallin fitilar a cikin ƙwayar idonsa, tsayin ya yi. In babu, sauke ta.

Mai tabarau kuma, ka tuna haske yana tashi daga gilashi ne da kusurwar da ya sauka, kamar ƙwallon da aka buga wa bango. In fitila tana fitowa a gilashin, ɗaga ta sama ko ka matsar da ita gefe, ko ya ɗan sunkuyar da haɓa, sai ƙyallin ya wuce kyamara.

Fitila uku da aikin kowace

Tsarin da aka fi koyarwa fitila uku ne. Ta farko ita ce uwar fitila, ita ke zana fuska, duk abin da muka faɗa kan kusurwa a kanta yake. Ta biyu mai cike inuwa ce, ana ajiye ta kusa da kyamara, a rage mata ƙarfi, don kada ɓangaren duhu ya zama baƙi ƙirin. Ta uku tana bayan mutum, daga sama, tana zana siririn haske a kafaɗa da gefen kai don ta raba shi da labule.

Abin da ke canza yanayin hoto shi ne bambancin ɓangaren haske da na inuwa. In mataki ɗaya ne, wato biyu bisa ɗaya, hoton yana da sakin fuska, ya dace da amarya da yara. Mataki biyu, huɗu bisa ɗaya, ya fara nauyi. Mataki uku kuwa sai fostar fim.

Shawarata ga mai koyo ita ce ya kashe komai, ya kunna ɗaya, ya ga abin da ta yi, sannan ya ƙara ta biyu. Sau da yawa ma ba ka buƙatar ta biyun. Farin kwali ko farin zane a ɗaya gefen zai dawo da hasken uwar fitila ya cike inuwa, kuma ba ya shan wuta.

Baƙar fata ba ita ce matsalar ba

Yanzu mu zo kan maganar mai hoton nan, wai kawu ya cika baƙi. Idan haske ya sauka a fata, gida biyu yake rabuwa. Kaɗan daga ciki yana tashi tun daga saman fata kamar yadda yake tashi daga gilashi, shi ne sheƙi. Wasu likitocin fata biyu na Harvard, Rox Anderson da John Parrish, sun nuna a 1981 cewa wannan kason kamar 4 zuwa 7 cikin ɗari ne, kuma haka yake ga fara da baƙar fata. Sauran yana shiga ciki, sinadarin melanin ya shanye wani, abin da ya rage ya dawo waje ɗauke da launin fata.

A farar fata, abin da ke dawowa daga ciki yana da yawa, yana danne sheƙin. A baƙar fata melanin ya shanye mafi yawansa, sai sheƙin ya zama babban kaso na abin da kyamara ke gani. Ma'ana, fatarmu tana da ɗan halin madubi, tana nuna siffar fitilar da ta haska ta. Ka sa mata ƙaramar filashi, ta ba ka ɗigon fari mai zafi a goshi da tsinin hanci, sauran fuska duhu. In ka ƙara ƙarfi, ɗigon ne zai ƙara ƙonewa. Ka sa mata babban sofbos daga gefe, ta ba ka shimfiɗaɗɗen sheƙi mai bin ƙashin kunci, irin wanda kake gani a hotunan mujallu. Maganin ke nan: a faɗaɗa fitila, a matso da ita, a goge zufa da maiƙo, a sa hasken baya don raba mutum da labule.

Farar shadda ma tana da nata laifin. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani matsakaicin toka-toka. In babbar riga fara ta cika hoto, kyamara sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta ƙara duhu. Don haka mai hoto ya saita da hannu, ya auna fuska. In rigar ta nemi ƙonewa, ya karkata fitilar sama kaɗan, ko ya tare ƙasanta da baƙin kwali.

Wannan tunanin na cewa baƙi ba ya kyau a hoto yana da tarihi. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake saita launin injin. Ana kiransa katin Shirley. Wata malamar jami'ar Concordia a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin labarin a binciken da ta wallafa a 2009, inda ta nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda fim ba ya bambance launukan kayansu, yana cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke ɗaukar ruwan ƙasa. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun wuce nan nesa. Uzurin dai ya ƙare.

Yadda ake jera hoton taro

Mu haɗa abin da muka koya. Da farko ka matse sahu, na baya su matso har kafaɗa ta kusa taɓa kafaɗa, kowa ya leƙo ta tsakanin kawuna biyu. Duk santimitan da ka rage tsakanin sahu, riba ce. Ka nisanta su daga labule da mita ɗaya da rabi ko biyu, don inuwarsu ta faɗa ƙasa.

Sannan ka kai fitila nesa, ka ɗaga ta sama da kawunan 'yan baya, ka auna tsakiyarta kansu. Tsakiyar haske ya fi ƙarfi, sai na nesa su samu mai ƙarfin, na kusa su samu gefensa. Kada ka kai ta gefe sosai kamar a hoton mutum ɗaya, in ba haka ba kan wannan zai jefa inuwa a fuskar wancan. Babbar lema ɗaya a saman kyamara, ko biyu a dama da hagu kusa da ita, sun wadatar.

Faɗin sahu ma yana shiga lissafi. In sahu ya kai mita shida, fitila tana mita uku daga na tsakiya, wanda ke ƙarshe yana nisan mita 4.2, rabin haske yake samu. Ko dai ka lanƙwasa sahun kamar jinjirin wata, ko ka ƙara ja da baya. In kana da zaɓi, masu fararen kaya su yi nesa da fitila, masu duhun kaya su matso.

A kyamara, ƙofar haske ta kasance wajen f/8 don dukkan sahu su fito tangaran, ka saita gani a kan sahun gaba ko na biyu. Saurin ɗauka kada ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa a yawancin kyamarori in da filashi kake aiki, in ya wuce za ka ga baƙin layi ya yanke hoton. Kuma ka ɗauka sau da yawa, a cikin mutum goma sha huɗu da wuya a rasa mai ƙifta ido.

Launi da wutar lantarki

Farin haske iri-iri ne, ana auna shi da kelbin. Kyandir wajen 1,900 yake, tsohon ƙwan fitila mai zare 2,700 zuwa 3,200, hasken rana tsaka da na filashi wajen 5,500. Kyamara tana iya gyara launi ɗaya, amma in ka haɗa biyu, gefen fuska ya yi ruwan lemo, gefe ya yi shuɗi. Kashe fitilun ɗaki, ko ka tabbata duk launinsu ɗaya.

Wutarmu a Najeriya da Nijar da Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka dogon ƙwai da fitilun LED masu araha suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara tana gani, shi ne layi-layin da ke fitowa a hoto da bidiyo. Saurin 1/50 ko 1/100 yana maganinsa. In janareta ne kuwa, juyinsa ba ya tsayawa daidai, gara fitila mai batir.

In babu kuɗin kayan fa?

Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki mafi yawan hotunansa ne da hasken rana a tsakar gida, da zanen atamfa ko na gado a matsayin labule. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana zane na duniya, kuma in ka duba su za ka ga baƙar fata ta fito da dukkan kyawunta. Taga babba sofbos ce. Bakin zaure da inuwar rumfa ma haka, muddin mutum yana fuskantar waje.

Ga gwajin da za ka yi yau da dare. Ɗauki ƙwai ko lemo ka ajiye a tebur, ka kashe fitila, ka haska shi da tocilar waya daga gefe. Dubi bakin inuwar. Sa farar takarda tsakanin tocilar da ƙwan ka sake dubawa. Sannan ka ajiye ƙwai na biyu a bayan na farko da taƙi ɗaya, ka matso da tocilar dab da su, ka ja ta baya a hankali, kana kallon yadda haskensu ke daidaituwa. Minti biyar ya isa.

Kuma ranar da za a jera ku hoton biki ko na Sallah, kafin kowa ya gyara hula, ɗaga kai ka dubi inda fitila take. In ka ga tana dab da 'yan gaba, ka ce wa mai hoto, cikin ladabi, malam don Allah ɗan ja ta baya, sannan ka nuna mana 'yan sahun ƙarshe kafin mu watse.